Injiniya Ya Yi Wa Makero Faci

Ƙanena mai faci ne. Ya fi shekara talatin yana zaune a bakin titi ɗaya, ƙarƙashin rumfar kwano, shi da injin iskarsa da bahon ruwan da yake tsoma tiyub a ciki don ya ga inda kumfa ke fita. Mutane suna kiransa Injiniya. Ba wata makaranta ta ba shi sunan ba, direbobi ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuma ya karɓa hannu biyu. A aikinsa ban san wanda ya fi shi ba, wannan zan faɗa a gaban kowa. Aibinsa ɗaya ne, ya ɗauka duk abin da ke duniya taya ne. Buta ta tsage, faci. Takalmi ya buɗe baki, faci. Idan kuwa ka kawo masa bayani, sai ya ce "na gane" tun ba ka kai rabin magana ba, alhali ko kan zancen bai kama ba. Ni na goya shi, don haka ina da bakin faɗa.

Matarsa kuwa renon yara take yi. Yaran suna ce mata Anti, har mu manya muka bi bakinsu. Matan da ke zuwa aiki suna kawo mata 'ya'yansu da safe, su ɗauke su da yamma. Da yaro ɗaya ta fara, a kan tabarma. Shekara takwas tana tattalin abin, har ɗakin gaba ya zama na yara biyar, da katifun roba, da kofuna masu launi daban-daban, da ƙusoshi a bango inda ake rataye jakar kowane yaro. Ba ta da allo a ƙofa, ba ta da takardar shaida. Abin da take da shi kawai shi ne uwa takan miƙa mata ɗanta ta juya ba tare da ta waiwaya ba. Wannan yardar ce jarinta, kuma ita ce ƙanena ya taɓa.

Abin ya fara da wani ɗan zobe ja a cikin hannunsa na hagu, ƙasan gwiwar hannu, bai wuce murfin kwalba ba. Gefensa ya ɗan taso, yana fitar da gari kamar amosani, ga ƙaiƙayi. Anti na gani ta ce makero ne, ta tura shi kemis. Ya je. Yarinyar da ke kemis ɗin ta ba shi man shafawa na makero, ta buɗe baki za ta yi masa bayani, ya ce, "Na gane, 'yata." Kafin ya kai rumfarsa ya yar da kwalin da takardar da ke ciki, ya sa bututun man a aljihu.

Bayan kwana biyu na je gidan da rana, na tarar da shi yana cin abinci, hannunsa ɗaure da baƙar roba.

Na ce, "Kai kuma fa? Karaya ka yi?"

Ya ce, "Aiki na yi, Yaya."

"Wane aiki?"

Ya ajiye cokali, ya gyara zama kamar mai koyar da ɗalibai. Ya ce da farko ya goge wurin da samfefa mai laushi, don babu facin da ke kamawa a kan santsi. Sannan ya nemo tsakiyar zoben, don a nan hujin yake. Ya matsa man a nan, ya cika shi dam. Ya kawo filasta ya rufe, ya yanko tsohon tiyub ya naɗe, ya ɗaure.

Ya ce, "Magani kamar iska ne, Yaya. In kin bar masa ƙofa, ficewa zai yi. Na ba shi kwana uku ya kama."

Anti ta leƙo daga ɗakin yara da jariri a kafaɗa, ta ce, "Yaya, ki yi masa magana. Na ce ya koma ya tambaya, ya ce wai yarinyar ba a haife ta ba lokacin da ya fara faci."

Na ce, "To ai gaskiya ya faɗa. Sai dai ban san ranar da hannunka ya zama tayar babur ba."

Ya yi dariya, ya ci gaba da cin abincinsa.

Gaskiya a ranar ban san ko kuskure yake yi ba. Na yi shekara ashirin ina wanki a wani asibiti, a nan na koya wa kaina karatu a jikin kwalaye, na kuma ga raunuka da yawa da ake rufewa su warke. Me zai hana wannan ma? Abin ya tsaya mini a rai. Ni kuwa idan abu ya tsaya mini a rai, ba na iya haɗiye ruwa da daɗi sai na ga ƙarshensa. Na ce masa ranar da zai kwance, kada ya taɓa sai na zo.

Ranar na zo da biro a jakata. Ya zauna a bakin famfo, ya warware robar, ya ɓare filastar. Wani wari ya taso kamar na safar da ta kwana a takalmi. Fatar ta yi fari, ta jiƙe, ta yamutse kamar yatsun mai wanki. Ba mamaki, mutumin da yake yini da hannu a bahon ruwa, ga rana, ga zufa. Amma tsakiyar zoben ta yi sumul.

Ya ce, "Kin gani? Huji ya toshe."

Na ce, "Miƙo hannun."

Na zagaye bakin zoben da biro, daidai inda jan ya tsaya. Ya ce zanen me nake yi masa kamar ɗan makaranta. Na ce ya bar shi kawai. Ya sake cika tsakiyar da mai, ya rufe, ya ɗaure. Ya jawo tawul daga igiya ya goge hannuwansa, ya mayar.

Da aka sake kwancewa bayan kwana uku, layin birona ya dishe amma ana ganinsa. Jan ya tsallake shi ta kowane gefe. Tsakiyar kuma ta ƙara faɗi, ta ƙara kyau. Shi yana kallon tsakiya yana murna, ni ina kallon baki ina mamaki. Wane irin ciwo ne wannan da yake warkewa a ciki yana tafiya ta waje? Ƙurji yana da ido, gyambo yana da zurfi. Wannan kuwa kamar wutar da aka cinna wa busasshiyar ciyawa, inda ta ci ya mutu, ita kuma tana can gaba.

Daga nan ban koma gida ba, kemis na nufa. Yarinyar doguwa ce mai tabarau, ba ta kai 'yata ta fari ba. Na jira ta sallami mutane, na ja kujera na zauna.

Na ce, "'Yata, ba saye na zo ba, tambaya na zo. Kina da lokaci?"

Ta ce, "Bismillah, Mama."

Na kwashe komai na faɗa mata. Da na kai wurin samfefa ta dafe kai. Da na kai wurin tiyub ta cire tabaranta ta goge ido, ban sani ba ko dariya ce ko tausayi.

Ta ce, "Mama, makero ba rauni ba ne. Abu ne mai rai da yake zaune a saman fata. Danginsu ɗaya da fumfunar da take fitowa a jikin burodi."

Na ce, "Fumfuna a jikin mutum?"

"Irinta ce. Tana cin saman fata, in ta gama da wuri sai ta matsa gaba. Shi ya sa tsakiya take yin kyau. Mai ran yana baki, har ma ya ɗan wuce inda ido yake gani."

"To me take so?"

"Ɗumi, da danshi, da wurin da iska ba ta shiga."

Na ce, "Wato ɗaki ya gina mata."

Ta ce, "Da katifa."

Na tambaye ta yadda ake shafawa, ta faɗa mini dalla-dalla. A wanke wurin, a busar da shi sarai. A shafa man kaɗan, ba a lafta ba, a kan zoben duka, a kuma wuce bakinsa da kamar faɗin yatsa biyu. Safe da yamma. A bar shi a buɗe, sai dai tufa mai sakwa-sakwa. A wanke hannu bayan an gama. Na ce har yaushe? Ta ce ko ƙaiƙayi ya tafi, ko zoben ya ɓace, a ci gaba kamar mako biyu, don wanda ido ba ya gani shi ne yake dawowa. Na ce to man da wasu ke sayarwa, wanda suke cewa yana kashe ƙaiƙayi a kwana ɗaya fa? Ta ce in kiyaye shi, yawancinsu an haɗa su da wani sinadari da ke kwantar da ja da ƙaiƙayi, ita kuma fumfunar tana ƙasa tana yaɗuwa. Ta ce in an yi mako biyu ana shafawa daidai ba a ga sauƙi ba, ko ya bazu a jiki, sai asibiti.

Har na miƙe ta ce, "Mama, akwai yara a gidan?"

Na ce, "Biyar. Na mutane."

Fuskarta ta canza. Ta ce, "Ya ware tawul ɗinsa da zanen gadonsa. Kada ya ɗauki yaran sai ya yi kwanaki yana shafawa yadda ya kamata. In ya hau fatar kan yaro, man shafawa ba ya isa, sai an haɗa da na sha."

Ni ba na karɓar magana don mai ita tana da tabarau. A hanya na sayi burodi. Na yanka biyu. Ɗaya na yayyafa masa ruwa, na ƙulle shi a leda, na ajiye a bayan tukunya inda ake samun ɗumi. Ɗayan na bar shi a kan taga yana shan iska. Kullum da safe sai na duba, jikokina suna ce mini ko na fara kiwon burodi ne. Na taga ya bushe ƙarau, ba abin da ya fito masa. Na leda kuwa, a kwana na huɗu na ga ɗigo. A na biyar ɗigon ya zama zobe. Wallahi zobe, da bakinsa mai gashi-gashi yana matsawa waje. Na daɗe tsaye ina kallonsa. Shekarata sittin da bakwai ina zubar da burodi mai fumfuna, ban taɓa tsayawa na ga yadda take tafiya ba.

Tun ranar da na dawo daga kemis na faɗa wa Anti zancen tawul. Ta ware masa nasa, ta ɗaura masa jan zare don ya gane. Na faɗa masa shi ma, ya ce ya gane. Sai na ga gara in kai masa shaida ya gani da idonsa.

A nan na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye ba. Maimakon in jira shi a gida, sai na kai masa rumfa. Akwai direbobi uku zaune a kan benci suna jiran tayoyinsu. Na baje burodina a kan injin iska, na ce, "Ga hannunka, ga kuma hannun mai hankali."

Wani direba mai ƙaton ciki ya leƙa ledar, ya leƙa hannun ƙanena, ya fashe da dariya. Ya ce, "Injiniya, ashe gidan burodi ka buɗe a hannu ba ka gaya mana ba!"

Wani ya ce, "A ba shi iska talatin, ko zai tashi."

Ƙanena bai yi dariya ba. Ya ɗauki ledar da yatsa biyu ya jefa a kwata. Ya ce, "Yaya, ni ba burodi ba ne. Ki je gida, rana ta yi."

Mutum mai shekara hamsin da biyar, an yi masa dariya a wurin da yake sarki. Daga ranar ko gaskiya ce ta zo da ƙafarta ba zai buɗe mata ƙofa ba. Ya daina bari in ga hannun. Ya koma sa riga mai dogon hannu. Filastar da yake saye ta ƙara faɗi, robar da yake yankowa ta ƙara tsawo, don zoben ya girmi facin farko, ya girmi na biyu. Wani ya fito masa a wuya, wani a ciki, duk inda ya sosa da farcen da ya kankare na farko. Kowanne ya yi masa nasa facin.

Zancen yara kuwa, amsarsa ɗaya ce. Duk lokacin da Anti ta ce kada ya ɗauke su, sai ya ce, "A rufe yake. Facin da na yi, iska ma ba ta fita, ta ina ciwo zai fita?" Da gaske ya yarda da haka, ba mugunta ba ce. Yana son yaran, su ma suna sonsa. Idan ya shigo cin abincin rana sai su yo kansa. Akwai wasu tagwaye, mace da namiji, 'yan shekara biyu, waɗanda uwarsu take aiki a banki. Namijin ba ya yarda sai ya hau wuyansa, macen kuma takan kwantar da kai a lanƙwasar hannunsa ta yi barci. Tawul mai jan zare kuwa, in yana kusa ya ɗauka, in ba ya kusa ya ja wanda hannunsa ya kai.

Sati na shida da fara abin, Anti tana yi wa namijin wanka ta ga ɗan zobe a kumatunsa. Ta duba macen, ta ga wani wuri a kanta gashi ya karye, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ta duba nata hannun, ga shi a wuyan hannu. Ta kira ni a waya. Na ce ta kwantar da hankalinta, idan uwarsu ta zo da yamma ta zaunar da ita ta faɗa mata gaskiya tun kafin ta gani da kanta, ni ma ina nan tafe.

Da na san abin da zai faru da na hau mota maimakon tafiya a ƙasa.

Ƙanena ya dawo da wuri a ranar. Anti ta nuna masa, tana kuka, ta zagaya baya don ta jiƙa kayan yaran a ruwan zafi. Shi kuma ya ga aiki. Ya ɗauko bututunsa, ya ɗora yaron a cinya, ya cika tsakiyar zoben da mai, ya yanko filasta ya manna masa a kumatu, ya danna gefe-gefe da babban yatsa kamar yadda ya saba. Allah ya taimaka bai kai ga samfefa ba. Ni da Maman 'Yan Biyu a ƙofa muka haɗu, muka shiga tare.

Ta tsaya cak. Ta ce, "Me ya sami ɗana a fuska? Faɗuwa ya yi?"

Ƙanena ya miƙe da fara'arsa. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, ɗan makero ne, na riga na yi masa aiki. Kada dai a ɓare sai bayan kwana uku."

"Ka yi masa me?"

"Irin wanda nake yi wa kaina. Kin ga."

Ya naɗe hannun riga. Ni ma rabona da ganin hannun ya kai wata guda. Robar ta kama daga wuyan hannu har gwiwa, jan kuma ya leƙo ta sama da ƙasa, ga ɓawo yana zuba. Matar ta kalli hannun, ta kalli wuyansa, ta kalli 'yarta da ke riƙe da ƙafar wandonsa.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Ai bai fi wata ɗaya da rabi ba. Tsakiyar duk ta warke."

Anti ta fito da kumfa a hannu. Matar ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta ce, "Anti, wata ɗaya da rabi. Kullum ina tambayarki lafiya, kina ce mini lafiya lau."

Anti ta ce, "Wallahi yau na gani a jikinsu, yau ɗin nan, ina jiran ki zo ne in..."

"A jikinsu. A jikinsa fa?"

Matar ta ɓare filastar a hankali, yaron ya tsala ihu. Ta saɓa ɗaya, ta ja ɗaya, ta ɗauki jakunkunansu ta fita.

A asibiti aka ce na kumatun man shafawa zai ishe shi, amma na kan macen sai ta yi makonni tana shan magani, don ya shiga saiwar gashi inda mai ba ya kaiwa. Maman 'Yan Biyu ta kira sauran iyayen, kuma ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan yi. Aka sami wani yaron da shi a baya. Kafin ƙarshen makon ɗakin gaba ya zama babu kowa.

Washegarin ranar da aka ɗauke na ƙarshe, na je gidan da sassafe. Na tarar da ƙanena zaune a bakin famfo bai fita aiki ba. Na ce, "Tashi." Bai ce ya gane ba. Ya tashi ya bi ni.

Likitan da ya duba shi ya sa almakashi ya yanke robar, ya ɗaga ta sama yana juyawa. Ya ce, "Baba, wannan na wace mota ce?" Ƙanena ya sunkuyar da kai. Likita ya ce abin ya bazu, ga fatar ta ji rauni saboda gogewa da jiƙa, don haka sai an haɗa masa da ƙwayoyi. Sauran bayanin kuwa shi ne dai wanda yarinyar kemis ta so yi masa tun ranar farko, ko kalma ɗaya ba ta canza ba.

Na karɓi aikin a hannuna. Safe da yamma ina gidan. Ya wanke, ya busar, ni kuma in tsaya a kansa yana shafawa.

"Kaɗan na ce. Ba bango kake yaɓe ba."

"Yaya, wannan ai ko gani ba a yi."

"Ba don a gani ake shafawa ba. Wuce bakin. Ƙara. Yatsa biyu, naka ba na jariri ba."

"Nan ai lafiyayyar fata ce, asarar magani kawai."

"A nan take, kai ne ba ka ganinta."

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne barin wurin a buɗe. Kullum yana neman abin rufewa. Na kwashe duk filastar gidan na tafi da ita. Anti kuma ta dafa tawul da zannuwan gado da rigunansa, ta shanya a rana, ta bi su da guga. A wurin aiki muka sa ya riƙa tsoma tiyub da hannun dama, in na hagun ya jiƙe ya goge shi nan take da ƙyallensa na kansa.

Na sake zagaye zobban da biro, ina dubawa kullum. Kwana uku, ja yana kan layi. Kwana biyar, bai tsallake ba. A kwana na takwas na ga ya fara ja da baya, bakin da ya taso ya kwanta. Na kira shi na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Ikon Allah. A buɗe kuma." A kwana na goma sha biyu ƙaiƙayi ya tafi, ya ce to an gama. Na ce in ya ajiye bututun nan sai na kai labarinsa wurin direbobi da kaina. Ya ci gaba. Na Anti, wanda ta bi ƙa'ida tun daga ranar da ta gan shi, mako uku ya ɓace, ta ƙara biyu a kai. Nasa sai da ya cinye wata biyu.

Da kowa ya warke, Anti ta yi wanka ta sa kayanta masu kyau, ta ce in raka ta gidajen iyayen. Biyu sun riga sun kai 'ya'yansu wani wuri. Ɗaya ta ce za ta yi shawara da mijinta, kuma har yau tana shawarar. Muka ƙare da gidan Maman 'Yan Biyu. Ta karɓe mu da mutunci, ta kawo mana ruwa. Macen ta rugo ta faɗa jikin Anti, gashinta ya fara tsirowa.

Anti ta ce, "Na zo in ba ki haƙuri, in kuma ce miki gida ya tsarkaka. Ko likita kike so ya zo ya duba, a shirye nake."

Matar ta ce, "Anti, na yafe miki tuntuni. Kuma ba makeron ne ya kore ni ba, yara suna kwaso shi ko'ina. Amma ina wurin aiki, wani ya ɗora ɗana a cinya ya yi masa maganin da ya ƙirƙira da kansa, bai tambayi kowa ba. Yau filasta ce. Ranar da yaron ya haɗiyi wani abu fa, ko zazzaɓi ya kama shi? In na bar su a gidan, ba zan iya zama a kujerata ba."

Muka fito. A hanya Anti ba ta yi kuka ba. Yanzu tana aiki a wata makarantar renon yara ta wasu, ita ce mai wanke musu jiki da share ɗaki, ƙarƙashin yarinyar da ba ta kai ta sanin yaro ba. Tana fita tun kafin mijinta, tana dawowa bayansa. Ranar da ta fara zuwa, ya biyo ta har ƙofa yana neman abin faɗa. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ban san zai kai haka ba."

Ta gyara jakarta a kafaɗa ta ce, "Minti biyu yarinyar kemis ɗin nan ta nema a wurinka."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Gwanintar mutum a sana'arsa ba ta mai da shi gwani a jikinsa ba, kuma wanda ya ce ya gane kafin a gama yi masa bayani, shi da na kusa da shi ne za su sha wahalar abin da bai ji ba. Idan makero ko wani ciwon fata irinsa ya kama ka, ka tsaya ka saurari mai ba ka magani har ya kai aya, ka kuma karanta takardar da ke cikin kwalin. Ka wanke, ka busar, ka shafa kaɗan har ka wuce bakin ciwon, ka bar shi ya sha iska, kada ka daina don ƙaiƙayi ya tafi. Ka ware tawul ɗinka. In ya ƙi sauƙi, ko ya bazu, ko ya hau fatar kan yaro, ka tafi asibiti. Kada ka taɓa gwada dabararka a jikin ɗan wani. Mu kuma masu gyara wa mutane kuskure, mu riƙa jan su gefe, don na ga yadda dariyar mutum uku ta toshe kunnen ƙanena wata guda cur.